Karatun yara a gida: yadda ranar zaɓe ta riƙa kashe ƙudurin doka a Birtaniya

Da marecen Laraba 22 ga watan Mayun 2024, Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya fito ƙofar fadarsa da ke titin Downing a birnin Landan, ruwan sama na dukansa, ya sanar da cewa za a gudanar da babban zaɓe ranar 4 ga watan Yuli. Galibin masu sharhi sun zaci sai wajen ƙarshen shekara za a yi zaɓen, domin doka ta ba shi dama ya kai har watan Janairun 2025. Kwana biyu bayan sanarwar majalisar dokoki ta rufe zamanta, ranar 30 ga Mayu kuma aka rushe ta.

A cikin takardun da suka mutu a wannan mako akwai wani ƙaramin ƙuduri da bai samu shiga kanun labarai ba, amma dubban iyaye na bibiyar sa sau da ƙafa. Ƙudurin ya nemi a tilasta wa kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta buɗe rajistar yaran da ba sa zuwa makaranta, ciki har da waɗanda iyayensu ke karantar da su a gida. Gwamnati na goyon bayansa, babbar jam'iyyar adawa ma ba ta ƙi manufarsa ba. Babu wanda ya kada shi da ƙuri'a. Lokaci ne ya ƙure masa, kuma ba wannan ne karo na farko ba.

Abin da doka ta tanada

A Ingila ilimi ne ya zama dole ga yaro daga shekara 5 zuwa 16. Zuwa makaranta ba dole ba ne. Sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa ɗansu na samun cikakken ilimi daidai da shekarunsa da basirarsa da buƙatunsa, ko dai a makaranta ko ta wata hanya. Wannan tanadi ya samo asali ne tun daga dokar ilimi ta 1944.

A ƙarƙashin wannan tsari, uwa ko uban da ke son cire ɗansa daga makaranta wasiƙa kawai zai rubuta wa shugaban makarantar. Makaranta ta goge sunan yaron daga kundinta, ta sanar da ƙaramar hukuma. Idan kuwa ba a taɓa sa yaron a makaranta ba, babu wanda iyaye ke da tilas su sanar. Ba a buƙatar takardar shaidar malanta, ba dole ba ne a bi manhajar gwamnati, kuma jami'ai ba su da ikon shiga gida sai da yardar masu shi. Abin da hukuma za ta iya yi shi ne ta nemi bayani, idan ta ga alamar yaro ba ya samun ilimin da ya dace ta ba da umarnin a mayar da shi makaranta. Kuɗin littattafai da na jarrabawa duk a wuyan iyaye suke.

Yawan masu bin wannan hanya ya ƙaru matuƙa. A 2009 yaran da ƙananan hukumomi suka san da su kimanin 20,000 ne. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta nuna sun kai kusan 92,000 a farkon shekarar karatu ta 2023, sannan 111,700 a daidai wannan lokaci a 2024. Dalilan iyaye sun bambanta. Wasu tarbiyya da aƙida suke dubawa, wasu ɗansu ne ke fama da damuwa ko tsangwamar ƴan aji, wasu kuma makaranta ce ta kasa biya wa yaro mai buƙata ta musamman buƙatunsa. Annobar korona, da ta zaunar da yara a gida tsawon watanni a 2020 da 2021, ta ƙara wa lamarin ƙaimi.

Kwanakin wanke-wanke

Kafin ƙuduri ya zama doka a Birtaniya sai ya bi matakai a majalisar wakilai: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, zaman kwamiti inda ake bin sa layi-layi, matakin rahoto, sannan karatu na uku. Daga nan ya sake bin irin waɗannan matakai a majalisar dattawa, majalisun biyu su daidaita kan kalmomi iri ɗaya, kana Sarki ya amince. Wannan tafiya kan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Da zarar an rushe majalisa domin zaɓe, duk ƙudurin da bai kammala tafiyarsa ba ya mutu, ko da mataki ɗaya ne ya rage masa. Sabuwar majalisa ba ta ɗorawa daga inda tsohuwa ta tsaya, sai dai a faro daga farko.

Tsakanin sanar da ranar zaɓe da rufe majalisa akan samu ƴan kwanaki, biyu zuwa huɗu galibi. Ƴan siyasar ƙasar na kiran waɗannan kwanaki da sunan da ke nufin wanke-wanken kwanoni bayan an gama cin abinci. A cikinsu ne manyan jami'an jam'iyya mai mulki da na adawa ke zama su yi ciniki kan ƙudurorin da suka rage. Tunda babu lokacin muhawara ko ja-in-ja, abin da ɓangarorin biyu suka amince da shi kaɗai ke wucewa. Rinjayen gwamnati ba ya mata amfani a nan. Idan ƴan adawa suka ce ba sa son wani sashe, gwamnati ko dai ta cire shi ta tsira da sauran ƙudurin, ko ta rasa duka.

Ranar zaɓen ma a hannun Firaminista take. Dokar 2011 da ta tsayar da wa'adin majalisa an soke ta a 2022, aka mayar wa shugaban gwamnati damar zaɓar lokacin da ya ga ya fi masa, muddin bai wuce shekara biyar ba. Ke nan mai ƙuduri a gaban majalisa ba shi da tabbacin kwanakin da suka rage masa.

Karon farko: 2010

A watan Mayun 2008 wata yarinya ƴar shekara 7 ta mutu da yunwa a birnin Birmingham, watanni bayan an cire ta daga makaranta. A watan Janairun 2009 ministan kula da yara da makarantu, Ed Balls, ya naɗa wani tsohon daraktan harkokin yara, Graham Badman, ya binciki tsarin karatun gida. Rahotonsa ya fito a watan Yunin wannan shekara. Ya ba da shawarar a yi rajistar dole da za a riƙa sabuntawa duk shekara, jami'ai su samu ikon ziyartar gida, su kuma iya zantawa da yaro shi kaɗai idan an ga buƙata.

Iyaye masu karantarwa a gida suka tashi haiƙan. Hujjarsu ita ce ana neman ɗaukar su a matsayin waɗanda ake tuhuma alhali ba su yi laifin komai ba, kuma yarinyar Birmingham hukumomi sun san da ita tun kafin mutuwarta, ikon da suke da shi ne ba su yi amfani da shi ba. Suka bi ƴan majalisarsu mazaɓa-mazaɓa. A watan Disamban 2009 an gabatar da takardun koke daga mazaɓu sama da 100 a zauren majalisa a rana ɗaya, ƙarƙashin jagorancin ɗan majalisa Graham Stuart na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau.

Duk da haka gwamnatin jam'iyyar Leba ta sa shawarwarin a cikin wani babban ƙuduri kan yara da makarantu da iyali, wanda ta gabatar a watan Nuwamban 2009. Tana da rinjaye, ƙudurin kuma ya tsallake majalisar wakilai. Matsalarsa ita ce ya zo ne a shekarar ƙarshe ta wa'adin majalisar. Ranar 6 ga Afrilun 2010 Firaminista Gordon Brown ya sanar da zaɓe na ranar 6 ga Mayu, ƙudurin na gaban majalisar dattawa bai gama bin matakansa ba. A teburin ciniki masu ra'ayin riƙau suka ƙi amincewa da sashen karatun gida. Aka cire shi, tare da wasu sassa kamar na sauya manhajar firamare, ragowar ta zama doka ranar 8 ga Afrilu.

Leba ta faɗi zaɓe. Gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta ajiye batun gefe. Ga iyayen da suka kwashe shekara suna fafutuka wannan babbar nasara ce, duk da cewa ba su taɓa samun rinjayen ƙuri'a a zauren majalisa ba. Abin da koke-kokensu ya yi shi ne jawo jam'iyyar adawa ɓangarensu, kalandar zaɓe kuma ta miƙa wa adawar ikon cewa a'a.

Shekarun jira

Batun bai mutu ba. A 2017 wani ɗan majalisar dattawa na jam'iyyar Leba, Lord Soley, ya kawo nasa ƙudurin na rajista. Ya wuce a majalisar dattawa a 2018, amma bai samu lokaci a ta wakilai ba har zangon majalisa ya ƙare. A 2019 kwamishinar kare haƙƙin yara ta Ingila, Anne Longfield, ta fitar da rahoto tana kiran a yi rajista, gwamnati kuma ta buɗe jin ra'ayin jama'a. A 2021 kwamitin ilimi na majalisar wakilai ya goyi baya. Zuwa wannan lokaci jam'iyyar da ta toshe rajistar a 2010 ita ce ke neman kawo ta.

A watan Mayun 2022 gwamnatin Boris Johnson ta gabatar da ƙudurin makarantu, rajistar na cikinsa. A wannan karo rikicin cikin gida na jam'iyya mai mulki ne ya cinye shi. A shekarar 2022 kaɗai Birtaniya ta yi firaministoci uku da ministocin ilimi biyar, ɗaya daga cikinsu kwana biyu kawai ta yi a kujera. Ƴan majalisar dattawa kuma sun yi wa wasu sassan ƙudurin da suka shafi ikon gwamnati kan makarantu rubdugu, har aka janye su. A watan Disamban 2022 ministar ilimi Gillian Keegan ta shaida wa kwamitin majalisa cewa an jingine ƙudurin, ko da yake ta ce gwamnati na nan kan bakanta game da rajista.

Daga nan ne wata ƴar majalisa ta jam'iyya mai mulki, Flick Drummond, ta ɗauki sashen rajistar ta mayar da shi ƙuduri mai zaman kansa da sunanta. Irin waɗannan ƙudurori na ɗaiɗaikun ƴan majalisa ranakun Juma'a 13 kacal ake ware musu a zangon majalisa, shi ya sa kaɗan daga cikinsu ke kai labari. Nata ya samu karatu na biyu ranar Juma'a 15 ga Maris 2024 da goyon bayan gwamnati. Da a ce an bar zaɓe zuwa ƙarshen shekara, da yana da sauran watanni a gabansa. Sanarwar Sunak ta rage su zuwa kwana biyu. A cikin waɗannan kwanaki an hanzarta dokar wanke ma'aikatan gidan waya da aka ɗaure bisa kuskuren kwamfuta da wasu kaɗan. An bar ƙudurin hana sayar wa masu tasowa taba, wanda Sunak da kansa ya ɗauke shi da muhimmanci, an bar na kare masu haya, balle kuma na ƴar majalisa guda. Drummond ma ba ta dawo majalisa ba bayan zaɓen.

Sabuwar gwamnati, sabon lissafi

Jam'iyyar Leba ta Keir Starmer ta lashe kujeru sama da 400 cikin 650. Ta kuma guje wa kuskuren 2009, ta kawo ƙudurinta a farkon wa'adi. Ministar ilimi Bridget Phillipson ta gabatar da ƙudurin jin daɗin yara da makarantu ranar 17 ga Disamban 2024.

A wannan rana ce wata kotu a Landan ta yanke wa wani uba da matarsa hukuncin ɗaurin rai da rai bisa kashe ƴarsa mai shekara 10 a garin Woking a watan Agustan 2023. Malaman makarantar yarinyar sun ga tabon duka a jikinta sun kai rahoto a watan Maris, a watan Afrilu aka cire ta daga makaranta da sunan za a karantar da ita a gida. Alƙalin ya ce shari'ar ta fito da haɗarin da ke tattare da barin yaro mai rauni a gida babu mai sa ido.

Ƙudurin, yadda aka gabatar da shi, ya zarce na Drummond tsauri. Ban da rajistar dole, ya tanadi cewa iyayen yaron da ake bincike a kansa saboda zargin cutarwa, ko wanda ke ƙarƙashin shirin kariya na hukuma, sai sun samu izini kafin su cire shi daga makaranta. Ya ba hukuma damar duba yanayin gida wajen yanke hukunci kan ko ilimin ya dace. Ya kuma buƙaci iyaye su bayyana sa'o'in da suke karantarwa da bayanin duk wani mutum ko wata cibiya da ke koyar da yaron. A watan Maris na 2025 ya tsallake majalisar wakilai zuwa ta dattawa, a lokacin da babban zaɓe na gaba zai iya kaiwa har watan Agustan 2029. Dabarar jan lokaci da ta yi aiki a 2010 ba ta da tasiri ga ƙudurin da ke da shekaru huɗu a gabansa.

Muhawarar kuwa tana nan yadda take. Masu goyon baya na cewa ba zai yiwu ƙasa ta kasa sanin inda ƴaƴanta suke ba, kuma akwai yaran da ake fakewa da karatun gida a tura su makarantun da ba su da rajista. Ƙungiyoyin iyaye irin su Education Otherwise, wadda ke aiki tun shekarun 1970, na cewa yaran da aka cutar galibi hukumomi sun riga sun san su, don haka ƙarin takardu ba shi zai cece su ba, kuma nauyin zai faɗa ne kan iyalan da makaranta ta riga ta gaza musu.

Yadda Faransa ta yi

A Faransa, inda ƴan Nijar da dama ke zaune, kalandar ta yi wa gwamnati aiki ne. Ranar 2 ga Oktoban 2020 Shugaba Emmanuel Macron ya sanar a garin Les Mureaux cewa zai taƙaita karatun gida, a wani jawabi kan abin da ya kira ƴan a-ware na addini. An gabatar da ƙudurin a watan Disamba ta hanyar gaggawa. Majalisar dattawa ta cire sashen karatun gida, amma a tsarin Faransa majalisar wakilai ce ke da ta cewa a ƙarshe, ta kuma mayar da shi. An ƙaddamar da dokar ranar 24 ga Agustan 2021, wata takwas kafin zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2022. Da tafiyar ta yi jinkiri ta shiga lokacin yaƙin neman zaɓe, da ƙila labarin ya sauya.

Tun daga komawar makarantu ta Satumban 2022, sanarwa kawai ba ta isa ba, sai da izinin hukumar ilimi, wanda ake nema tsakanin 1 ga Maris da 31 ga Mayu. Dalilai huɗu ne doka ta yarda da su: rashin lafiya ko naƙasa, zurfafa a wasanni ko fasaha, yawan ƙaura ko nisa da makaranta, sai wani yanayi na musamman da ya keɓanci yaron. Yawan yaran da ke karatu a gida ya sauka daga kimanin 72,000 a shekarar karatu ta 2021 zuwa kimanin 30,000 bayan shekara uku. Ilimi kuma dole ne a ƙasar tun daga shekara 3.

Faransa ma ta ɗanɗana mutuwar ƙudurori. Da Macron ya rushe majalisar wakilai ranar 9 ga Yunin 2024, ayyukan da ke gabanta sun tsaya cak, ciki har da ƙudurin nan kan ƙarshen rayuwa da ake tsakiyar muhawara a kansa. Bambancin shi ne majalisar dattawan Faransa ba a rushe ta, don haka abin da ke hannunta yakan tsira.

Abin lura ga mazauna ƙetare

Ga iyalan da ke zaune a Turai, waɗanda wasunsu ke tunanin riƙe yaro a gida domin ya samu haddar Alƙur'ani ko don gudun tarbiyyar da ba su gamsu da ita ba, akwai abubuwan da wannan tarihi ke nunawa.

Na farko, ƙuduri daban, doka daban. Labarin cewa gwamnati ta kawo doka kan yaɗu a WhatsApp tun ana karatu na farko, alhali abin zai iya mutuwa kamar yadda ya faru a 2010 da 2022 da 2024. Ko bayan Sarki ya amince, wasu sassa ba sa fara aiki sai minista ya fitar da ƙa'idoji da ranar somawa. Haka nan mutuwar ƙuduri ba ta nufin an bar maganar, domin shawarar da aka cire a 2010 ta dawo har sau huɗu.

Na biyu, kowace ƙasa da tsarinta. Abin da ya halatta a Birmingham na iya zama laifi a birnin Lyon idan babu izini. A Jamus zuwa makaranta dole ne, karatun gida kuma haramun ne in ban da yanayi ƙalilan. Ko a cikin Birtaniya, yankin Scotland na da tasa dokar, inda sai da amincewar hukuma ake cire yaro daga makarantar gwamnati.

Na uku, rajistar da ake magana a kanta ta shafi yaran da ba sa zuwa makaranta ne. Yaron da ke zuwa boko da safe ya tafi Islamiyya da yamma ko ranar Asabar ba ya cikin lissafin. Wanda aka cire daga makaranta baki ɗaya ne za a nemi a bayyana inda yake karatu, da wanda ke karantar da shi, da tsawon sa'o'in da yake yi.